Fallen Tsakiyar Gada

Da hantsi aka kira Sufeto Kamaruddeen wani ƙauye a gefen Watari. Yarinya 'yar shekara shida, Huseina, ta rufta ta tsakiyar gadar ƙarfen da ke kan magudanar ruwan noman rani. An tsamo gawarta a ƙasan gonar albasa.

Ɗanliti mai gadin gadar, ƙanin uban yarinyar, shi ya tare shi.

"Tsatsa ce ta ci ƙarfen, yallaɓai. Dubi duk gadar, ja wur. Kwananta ne ya ƙare."

Sufeto ya durƙusa ya shafa fallen ƙarfe na farko. Tsatsarsa ta yi duhu kamar ƙasar tukunya, a manne, hannunsa bai ɗauki komai ba. Ya shafa na tsakiya, wanda ya ɓurma, sai ya marmashe masa a tafi kamar ƙanzo.

Ya buga waya ga injiniyan da ya yi aikin gadar.

"Wannan ƙarfen da gangan ake barinsa ya yi tsatsa," in ji injiniyan. "Ruwa ya jiƙa, rana ta busar, damina bayan damina, har tsatsar ta zame masa riga. Ba ya ɓurmawa. Wanda ya ɓurma ba namu ba ne."

Sufeto ya wuce gidan makoki. Uwar yarinyar, Safara'u, tana zaune a bakin ɗaki, idonta ya bushe. Ta kan katanga ya hango rumfar ragunan Ɗanliti, an yi mata rufi da fallen ƙarfe mai duhu.

Ya juya ga Ɗanliti, wanda ya biyo shi. "Ina ka samo wancan?"

"Kasuwa, wajen 'yan gwangwan."

"Da ramukan noti daidai da na gada?"

Ɗanliti ya sunkuyar da kai. "Ƙyauren tsohon shago na sa a gurbinsa. Na ga duk tsatsa ce, wa zai gane?"

"Ba ka san zai ɓurma ba?"

"Wallahi ban sani ba."

Safara'u ta miƙe. "Tun bara 'ya'yanka ke zagayawa ta hanyar mota in za su makaranta. Na tambayi matarka dalili, ta ce kai ka hana su bin gada."

Ta tako gaban Ɗanliti.

"Baban Sha'aban, ita ma Baba take ce maka. Me ya sa ba ka hana ta ba?"

"Da na hana ta, da kin tambaye ni dalili," in ji shi.

Sufeto ya sa masa ankwa. Ta kan gadar ya bi da shi zuwa mota, kuma da suka iso tsakiya Ɗanliti ya tsallake ramin a hankali, yana kallon inda zai sa ƙafa.