Lasifikar da Ukasha Ya Yi Ta Mayarwa

Duk mai shiga shagon Alhaji Labbo a unguwar Albarika da waƙa yake gwada lasifika. Ukasha kuwa, da ya taso daga Djougou, wayarsa ya miƙa wa Bashira, 'yar mai shagon, yana sunkuyar da kai. Tana jonawa sai muryar wata tsohuwa ta cika wurin, tana tambaya ko ya ci abinci.

"Innata ce," ya ce. "Bara ta rasu."

Cikin shagon nan mai cike da kwalaye da mutane, muryar ta fito kamar tsohuwar na zaune a gefe. Bashira ta dube shi da tausayi, shi kuma ya saya nan take.

A gida labari ya sha bamban. Tun da aka raba kayan marigayiya, ɗakin ba komai sai katifa da siminti. Muryar ta riƙa dukan bango tana dawowa kamar daga rijiya, kaɗaicinsa ya ƙaru. Ya mayar ya canzo wata, ita ma haka. A zirga-zirgar nan so ya kama su.

"Sanyin idona, wannan ma ta ƙi. A wurinki kaɗai take daɗi," ya rubuta mata.

"To ka dawo mana, Malam mai kunne. Ina jira."

Da baffanninsa suka je neman aure, Alhaji ya ƙi. Wai mai yabon kaya a shago ya kushe su a gida, wata rana 'yarsa zai dawo masa da ita. Ga kuma wanda yake so ya ba ta, Nabil ɗan abokinsa a unguwar Kpébié, wanda ko batir bai taɓa mayarwa ba. Ukasha ya ɗauke ƙafa, ya koma zaman shiru, abinci ma sai ya tuna.

Ashe Bashira ba ta haƙura ba, ta yi ta roƙon uban ya je ya ji da kunnensa. Wata Juma'a sai ga Alhaji a ƙofar Ukasha.

Ya sa aka kunna, ya tsaya tsakar ɗakin, muryar tsohuwa na yawo tsakanin bango da bango. Shi ma ya binne matarsa, ya san wannan amon.

"Kashe, yaro," ya ce. "Kunnenka lafiya lau, kayana ma haka, ɗakin ne ba kowa ba komai. Ka turo baffanninka."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Gwaggonni suka yi jere, labule da darduma da kwanuka har ba masaka tsinke. Alhaji ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya cika gidan nan da hayaniya."

Washegari Ukasha ya farka ya ji tsintsiya a tsakar gida, Bashira na mitar butarsa mai yoyo. Ya yi lamo a gado yana saurare, ba ya so ta gama.