Hannun da Ya Kaɗa Gado

La'asar ta yi sanyi a gidan Inna Mastura da ke garin Margilan lokacin da aka sauke tukunyar shinkafa da naman rago. An shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfar inabi, an rataye balan-balan, wasu shuɗi, wasu ruwan hoda. Nigina, autar gidan, ita ta ƙirƙiro bikin. A waya ta ga yadda ake tara mutane a bayyana musu ko namiji ne a ciki ko mace, ta nace sai an yi wa Muhayyo, matar yayanta Shuhrat. Nigina kaɗai likita ta raɗa wa abin da hoton ciki ya nuna.

A zamanin Inna Mastura ciki ɓoye shi ake yi, ko sunansa ba a kira. Amma ta yarda, don tana da nata lissafin. 'Ya'yan Muhayyo biyu duk mata ne, wannan cikin kuwa ya yi tsini a gaba, tsofaffin unguwa duk sun ce namiji ne. So take a faɗa a gaban jama'a.

Nigina ta sauko da beshik daga ɗakin ajiya, gadon jariri na katako mai lilo wanda mijin Inna Mastura ya kwanta a ciki, Shuhrat ma ya kwanta. Kowane beshik yana da ɗan bututun katako da ake ɗaura wa jariri don fitsari ya zube a tukunyar da ke ƙasa, na namiji daban, na mace daban. Wanda ya dace da hoton cikin Nigina ta ajiye a kan katifar, ta rufe gadon da mayafi. Da kowa ya ɗaga wayarsa, Shuhrat da matarsa suka yaye mayafin tare.

Na mace ne.

Aka yi tafi, aka yi addu'a. Wata maƙwabciya ta ce wa Shuhrat ya fara tara barguna, don gara uku ba wasa ba ce, mata suka yi dariya. Muhayyo ba ta dubi kowa ba sai surukarta. Inna Mastura ta yi murmushin da ake yi wa baƙi, ta zauna gefen gadon har aka fara watsewa. Rana ta sunkuya, aka kira magariba. Ita da ta mari hannun yara ba adadi a kan kaɗa gado babu jariri, ita da ta san an ce aljana na kwantar da nata a gadon da aka kaɗa fanko, sai ga hannunta a kan sandar gadon, yana kaiwa yana komowa, hankalinta na wani wuri.

A hankali ta ce, "Gadon nan ya gaji da mata. Wanda yake so ya ɗauka."

Ba wanda ya ji. Da ta farga ta janye hannu, gadon bai tsaya ba. Ya ci gaba da lilo, ƙiiƙ, ƙiiƙ, da nauyi, kamar yadda yake yi idan akwai mutum a ciki.

Aka mayar da shi ɗakin ajiya aka kulle. Washegari da magariba ƙarar ta dawo ta bayan ƙofa. Daga nan tsakuwa ta fara faɗowa tsakar gida, ba daga wajen katanga ba, daga sama, kuma da ɗumi idan an taɓa. Madara ta riƙa tsinkewa a kan wuta. 'Ya'yan Muhayyo biyu suka daina wasa a ƙarƙashin inabi, suka ce akwai matar da ke hana su surutu.

Muhayyo kuma ta canza. Ta daina gaishe da kowa, ta daina share ƙofar gida da asuba. Rana na yin ja sai ta je ta zauna a bakin ɗakin ajiya tana rera waƙar reno da wata murya mai kauri, tsohuwa, ba tata ba. Cikin da ke harbi har a gan shi ta saman riga ya yi shiru. Shuhrat ya kai ta asibiti, likita ta ce zuciyar na bugawa amma a raunane, jaririyar ta daina girma, kuma ba ta ga dalili ba.

Inna Mastura ta san dalili. Ta turara gidan lungu-lungu, ta sa wuƙa a ƙarƙashin matashin surukarta, ba ta gaya wa kowa abin da bakinta ya furta ba. Da ta ga idon Muhayyo ya faɗa, ita da kanta ta yafa gyale ta je ta kira Malam Eshonkul, wani dattijo siriri da ke karantarwa a masallacin bayan kasuwa.

Ya zo bayan la'asar. Ya ƙi shayi, ya sa aka fito da gadon tsakar gida, aka zaunar da Muhayyo kusa da shi. Ya yi ta karatu, murya ƙasa-ƙasa, har inuwar katanga ta cinye rabin gidan. Can sai Muhayyo ta miƙa hannu ta dafe gadon, ta ɗago kai.

"Rage murya, malam. Ɗana yana barci."

Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, da wanda ya ba ta izinin shiga gidan musulmi. Ta ce a magudanar ruwan bayan gida take tun kafin a gina unguwar, ba ta taɓa tsallake ƙofarsu ba sai da aka kira ta.

"An kaɗa gado, na kwantar da nawa. An ce wanda yake so ya ɗauka, ina ɗauka. Tambayi tsohuwar."

Shuhrat ya juya ya dubi mahaifiyarsa. Ba ta musa ba. Ta dai sunkuyar da kai tana kallon hannunta.

Malam ya ce kyautar ba ta yi ba, domin 'yar da ke cikin ba ta tsohuwar ba ce balle ta bayar. Bakin Muhayyo ya yi wata dariya marar sauti.

"A gidan nan? Yarinyar da nake cikin jikinta ko shayi ba ta zubawa sai an ba ta ido. Me ke nan da ba na tsohuwar ba?"

Ya koma karatu, ya ɗaga murya. Jikin Muhayyo ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙe mata ɗankwali, gadon ya shiga lilo da ƙarfi ba mai taɓa shi. Da wuta ta yi wuta sai aljanar ta nemi sulhu. Ta ce a yanka mata baƙin rago, malam ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah. Ta ce to a bar mata gadon, don ɗanta ya saba da shi. Ya dubi Inna Mastura, ta gyaɗa kai.

Aljanar ta ce, "Da sauran abu ɗaya. Hannun da ya yi renon nawa ba zai ɗauki taku ba. Ranar da ta ɗauke ta, ranar zan dawo in karɓi kyautata."

Malam ya ce har abada zalunci ne, kuma ita ma za ta tsaya gaban Ubangiji. Suka yi ta ja, yana karatu tana nishi, har ta sauko. Sharaɗin zai faɗi ranar da yarinyar ta tako da ƙafarta, ba kira ba lallashi, ta faɗa jikin kakarta. Muhayyo ta yi atishawa, ta kife. Gadon ya tsaya cak. Kafin a idar da sallar magariba Shuhrat ya kai shi bakin magudanar ruwa, ya ce nauyinsa ya fi na katako. Da aka leƙa da safe babu shi.

Cikin ya koma harbi. Da rumman ya nuna aka haifi yarinya lafiyayya, aka sa mata Sitora. Ranar da za a kwantar da ita a sabon gado, aikin da kakar gida ke yi, maƙwabciyar nan mai zancen barguna aka kira. Inna Mastura ta tsaya bakin ƙofa, hannuwa a baya. Kamannin kakarta yarinyar ta kwaso, goshi da haɓa da komai, abin da ba wani jika da ya yi. Kakar ta ɗinka mata riguna, ta dama mata kunu, ta miƙa wa wasu su ba ta. In Sitora ta yi kuka babu kowa kusa, sai ta fita tsakar gida ta ƙwala wa Muhayyo kira, tana matse yatsunta.

Wata la'asar, bayan shekara ta zagayo, ƙarƙashin inabi, Sitora ta saki ƙafar teburi ta tsaya da kanta. Inna Mastura ta durƙusa a hankali a kan darduma, ta fito da hannuwanta daga baya, ta buɗe su, ba ta kira ta ba.

Yarinyar ta tako, tana tangaɗi. Ta iso gabanta, ta tsaya, ta dubi hannuwan nan biyu kamar yadda take duban na baƙi. Sannan ta kewaye su, ta wuce wurin uwarta.