Ɓaragurbin Gidan Dawuda

Abin ya fara ne wata magariba ta Laraba, nan unguwarmu a Garwa. An gama kiran salla, gari ya yi shiru, Karimatu matar Dawuda mahauci tana kwashe tuwo a tsakar gida. Sai dutse ya faɗo kan kwano. Sai na biyu. Na uku cikin tukunyar miya ya sauka, kuma da zafinsa kamar daga murhu aka ciro shi.

Amma bari in koma baya kaɗan, don ku san irin mutumin.

Dawuda ya sayo kuvez, injin nan na ƙyanƙyasar ƙwai, mai cin sittin, a shagon wani Célestin. Célestin ya yi masa bayani dalla-dalla: zafi talatin da bakwai da rabi, farantin ruwan da ke ƙasa kada ya ƙafe, a juya ƙwai sau uku a rana, kada a wanke su, kada a yi ta buɗe ƙofa. Dawuda ya ce shekara talatin yana fiɗa, ba yaro ne zai koya masa kaza ba. Duk baƙon da ya shigo sai an buɗe masa ya leƙa. Farantin ruwa kuwa, wai yana tara sauro, ya cire.

Zubin farko, 'yan tsaki biyar. Na biyu, uku. In an fasa sauran sai a ga ɗan tsako ya gama haɗuwa, ya bushe, ya manne da ɓawo. Kowa ya ce ai rashin laima ne. Shi ya ce aljanu ne. Ya sayo jiƙo da hayaƙi a kasuwa, ya wanke ƙwai ɗaya bayan ɗaya cikin jiƙon, ya turara injin har sai da gilashin ya yi baƙi. Zubi na uku ko ɗaya. Ɓaragurbin kuma 'yarsa Saudatu yake ba wa a bokiti, ta zuba a tsohuwar rijiyar bayan gida, shi yana tsaye yana zagin mutanen ɓoye har kakanninsu.

To jifan nan kwana huɗu aka yi, kullum da faɗuwar rana. Ran na biyar Saudatu ta dawo daga bayan gida ba bokiti. Ta tsuguna a lungun da injin yake. Ba ta ƙifta ido, ba ta ci, ba ta sha. Uwarta ta taɓa ta, jiki sanyi ƙalau.

Washegari aka ɗauko Malum Hayatu, wani dattijo ɗan Rey Bouba, mai ruƙiyya. Ya zauna kan tabarma tun la'asar yana karatu a hankali. Inuwa ta ja ta rufe tsakar gida. Maƙwabta sun cika zaure, wasu a kan katanga. Can sai bakin yarinyar ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito, a shaƙe.

"Ya isa, Malum. Ina jinka."

"Wace ce ke?"

"Mai rijiya. Tun ba a yi gadar Binuwai ba nake nan. Ban taɓa ko tsinken gidan nan ba."

Dawuda daga bayan Malum ya ce, "Ƙarya take, ita ke sha min ƙwai!"

Wallahi dariyar da ta yi sai da kajin gida suka watse.

"Ƙwanka? Me zan yi da ƙwanka? Kai ka wanke su, ka shaƙe su da hayaƙi, ka hana su ruwa. An ɗauke kuran, kwana biyu ba wutar lantarki, ko bargo ba ka rufa musu ba. Kazar da ba ta da hankali ta fi ka iyawa. Sannan ka zubo min ruɓaɓɓu a ɗaki, kana zagin uwata."

Malum ya ce, "Yarinya ba ta yi miki laifi ba, aikenta aka yi. Fita."

"A yanka min baƙin bunsuru."

"Jini kam babu. Ko in ci gaba da karatu."

Sai ta ce, "To a daina zuba min. Kuma shi ya tashi gaban mutanen nan ya faɗa da bakinsa: ni na kashe ƙwaina, ba aljani ba. In ya ƙi, ina nan cikinta har ta bushe kamar 'yan tsakinsa."

Kun san mutumin nan sai da ya tsaya tunani? 'Yarsa kwana guda ba ruwa a cikinta, leɓe ya tsage, shi yana kallon katanga yana duba su wa za su ji. Karimatu ta ce, "Baban Saudatu, 'yarka ce fa."

Ya miƙe. Ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba," in ji tsohuwar.

Ya maimaita da ƙarfi, har na zaure suka ji. Saudatu ta yi atishawa uku, ta kife. Da ta farka ruwa ta fara nema.

Aka rufe rijiya da fallen kwano. Karimatu ta karɓe injin, ta mayar da farantin ruwa, ta yi wa kowane ƙwai alama da gawayi don juyi, ta hana kowa buɗewa, har shi. Kwana ashirin da ɗaya, 'yan tsaki arba'in da bakwai.

Ranar Dawuda ya zauna a mahauta yana ba da labari, wai ai dama ya faɗa, da aka kori aljanar ga shi ƙwai ya yi.

Da magariba dutse ɗaya ya faɗo kan kwanon ɗakinsa. Bai ƙara ba da labarin ba.