Takardar Da Datong Ya Kawo

Amatullahi tana tsakar gidan surukarta a Kwararafa, cikin Jos, tana feraye dankalin turawa, wayarta a kan cinya, sai ga Gwaggo Suwaiba ta yi sallama. Ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba ta ja tabarma ta zauna, ta kafe wayar da ido.

"Har yanzu kiran nasa kike jira?"

"Yana shif ne a wajen aiki, Gwaggo. Sai an ba su hutu."

"Shif, shif, kullum shif. Ni dai karatu aka ce min ya tafi."

Gwaggo Suwaiba yayar mahaifin Amatullahi ce, ita ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta. Tana son yarinyar kamar ranta, wannan babu mai musu. Sai dai mace ce da in ka ce mata ruwa ake yi a waje, sai ta leƙa ta tabbatar, ta dawo ta tambaye ka me kake nufi da gaya mata. Tun tana da shekara ashirin mijinta ya tafi Legas neman kuɗi, bayan shekara biyu ya aiko mata da saki ta hannun direban mota. Daga ranar ba ta ƙara yarda da namijin da ya yi nisa ba.

Shi kuwa Zainulabideen, wata uku da ɗaura musu aure ya samu gurbin digiri na uku a Ingila. Yau shekara ɗaya da wata huɗu ke nan da tafiyarsa. Da farko kullum suna waya har caji ya ƙare. Daga baya kiran ya koma minti biyar, muryarsa a gajiye, ɗan abin da yake aikowa ma ya ja baya. In ta tambayi maganar bizarta, sai ya ce, "Ki ƙara haƙuri, Amatu," ya sako wata hirar.

Gwaggo ta matso. "Ranar nan da kuke bidiyo kol ina zaune. Da kunnena na ji mace tana kiransa, Zeen, Zeen, da wani irin maƙale murya. Ya yi wuf ya kashe. Ko ƙarya na yi?"

Amatullahi ta ci gaba da feraye. Ba ƙarya ba ne. Ta tambaye shi washegari, ya ce wajen aiki ne kawai, kuma abin ya tsaya mata a rai har yau.

Suna cikin haka aka buga ƙofa. Hajiya Kubra, mahaifiyar Zainu, ta tafi asibiti awon jini tun da safe, don haka Amatullahi ta ja hijabi ta fita, Gwaggo na biye da ita. Wani dogon mutum ne da jaka a kafaɗa, ga keken haya mai ƙafa uku da ya kawo shi yana jira.

"Sannu madam. Kai ne Amatullahi? Ni Datong, daga Anguwan Rukuba. Makaranta ɗaya muke da Oga Zainu a can, jiya na sauka." Ya zaro wata babbar ambulan mai ruwan ƙasa, an liƙe bakinta. "Ya ce in ba ka takardan ka hannu da hannu."

Amatullahi ta kalli ambulan ɗin. "Takardata?"

"Eh. Ya ce abu biyu kuma. Ki je kotu da shi, kar ki ɓata lokaci. Sannan ka fara tattara kayan ka." Ya yi murmushi har da ɗan rusunawa.

To jama'a, wace matar aure ce a ƙasar Hausa za a ce mata ga takardarki, je ki kotu, tattara kayanki, ta tsaya tambayar fassara? Wuƙar da ke hannun Amatullahi ta suɓuce ta faɗi. Gwaggo ta fizge ambulan ɗin.

"Har da dariya kake, ɗan aiken sharri? Ɓace mana da gani."

Datong ya buɗe baki zai yi magana, ta maida ƙofa ta rufe. Bawan Allah ya tsaya yana kallon ƙofar, ya ɗaga kafaɗa, ya shiga kekensa.

"Gwaggo, ba ni in karanta," in ji Amatullahi.

"Ba ke za ki buɗe ba. Takarda waliyyi ake kai wa. Ɗauko mayafinki mu tafi gidan ubanki."

Amatullahi ta kira lambar Zainu sau huɗu a cikin keke, a kashe. Haka suka isa gidan Malam Bala da ke bayan Abattoir, mayankar garin. Mahaifin nata mahauci ne, ba ya dawowa sai bayan azahar. Gwaggo ta cusa ambulan ɗin a ƙarƙashin filo, ta karɓe wayar yarinyar, ta shiga kiran wani mai a-kori-kura da ta sani.

"Ka zo yanzu. Kayan ɗaki za ka kwaso min a Kwararafa. Gado, kujeru, kwanuka, ko cokali ba za a bar musu ba."

Amatullahi ta san abin da wannan ke nufi. In har motar nan ta tsaya a ƙofar Hajiya Kubra aka fara fito da gado a gaban maƙwabta, to aure ya mutu a idon unguwa, kuma gidajen biyu ba za su ƙara haɗa ido ba. Ta durƙusa.

"Don Allah Gwaggo a jira Baba."

"A jira me? Sai baturiyar tasa ta aiko an watso miki kayan a titi?"

Wajen sha biyu wayar ta yi ƙara. Zainu ne. Gwaggo ta ɗauka, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Gwaggo ce? Ina wuni. Minti biyu aka ba ni, Datong ya kawo saƙon?"

"Ya kawo."

"Alhamdu lillahi. Wallahi yau na sauke nauyin da ya daɗe a kaina. Don Allah a hanzarta maganar kotun, kar a—"

"Allah ya isa tsakaninmu da kai," in ji Gwaggo. Ta kashe wayar gaba ɗaya.

Nan ne Amatullahi ta yarda. Ta ji da kunnenta, nauyi ya kira ta. Ta shige ɗaki ta kifa kai a kan katifa, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun mutuwar uwarta. Ta tuna bukukuwan da ta ƙi zuwa don kar ya kira ba ta kusa, da yadda take kare shi in ƙawaye sun fara habaici. Ta ji ta tsane shi, ta kuma ji tana son sa, abin ya haɗe mata ya zama ciwon kai.

Hon ɗin a-kori-kura ne ya tashe ta. Ta fito da idanu jajur, ta tsaya a bakin zaure ta tare hanya.

"Matsa min," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ke kika raine ni, ban taɓa yi miki musu ba. Amma yau ba za a taɓa gadona ba. Ba a karanta takardar nan ba. In ma sakin ne, a islamiyya an koya mana a ɗakina zan yi idda. Hajiya kuma ba ta yi min komai ba da za a tozarta ta a unguwarsu."

"Au, wa'azi za ki yi min?"

"Ki yafe ni. Amma sai Baba ya zo."

Ana wannan ja-in-ja Hajiya Kubra ta sauka daga keke tana haki. Ta dawo ta tarar da gida a buɗe, dankali a watse, maƙwabta sun ce an ga an fita da Amatu tana share hawaye.

"Lafiya, Suwaiba? Me ya samu 'yata?"

"'Yarki? Tambayi ɗanki mara mutunci. Ai da saninki, shi ya sa kika tsiri asibiti yau don kar a yi a gabanki."

Hajiya Kubra ta dafe ƙirji. Da ta ji an ce takarda, sai ta zauna daɓas a kan dakali ta fara salati, hawaye na zuba. Amatullahi ta je ta riƙe hannunta. Haka Malam Bala ya zo ya same su, ga mota a ƙofar gida, direba na gyangyaɗi.

Ya wanke hannu ya zauna. Ya saurari yayarsa har ta gama, sannan ya ce a kawo takardar. Da aka miƙa masa, ya ɗora ta a tafin hannu ya ɗan jijjiga, yadda yake yi wa tsokar nama.

"Yaya Suwaiba, ni ban yi boko ba, amma hannuna ya san nauyi. Takardar saki layi uku ce. Wannan ta kusa kwatan kilo."

Ya sa wuƙa ya farke bakin. Takardu suka zubo, wasu da hatimi, wasu da hoton Zainu, har da kwafin fasfo. A saman su akwai ɗaya da rubutun hannu. Ya miƙa wa 'yarsa. "Karanta mana da ƙarfi."

Ta fara karantawa.

"Amatu, ki yafe min shirun da na yi. Sau biyu na yi miki alƙawarin biza ban cika ba, na ga yadda kika karaya, sai na rantse ba zan ƙara magana ba sai komai ya kammala. Ga shi ya kammala. Wannan wasiƙar makaranta ce, wannan ta gidan da na kama mana, wannan kuma tawa ce da na rubuta cewa ke matata ce, ni zan ɗauki nauyinki.

"Akwai abin da na ji kunyar gaya miki. Awa ashirin kawai aka yarda ɗalibi ya yi aiki a mako, ni kuma a gidan kula da tsofaffi na samu. Wanka nake musu, ina ba su abinci a baki. Waya a loka, wato akwatin ajiyar ma'aikata, ake barin ta. Matar da kika ji tana kirana shekararta tamanin da bakwai, ba ta cin abinci sai na zauna kusa da ita. Abin da na rage aikowa ban ci ba, dole ne a ga ajiya a banki kafin a yarda zan iya riƙe iyali.

"Ki je kotu da takardar aurenmu ta masallaci, ki yi rantsuwa a buga hatimi. Daga nan sai Abuja neman biza. Ki tattara kaya masu nauyi, sanyin nan ya fi na Jos."

Ba ta iya ƙarasa layin ƙarshe ba. Ta rungume wasiƙar tana kuka tana dariya. Hajiya Kubra ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Shi Datong, ashe, a wajensa takarda takarda ce kawai, saƙon da aka ba shi ya isar daidai gwargwadon Hausarsa.

Gwaggo Suwaiba ta miƙe ta fita ta sallami mai mota, ta dawo ta durƙusa a gaban Hajiya Kubra, abin da ba a taɓa ganin ta yi wa kowa ba.

"Hajiya, na zalunce ki, na ja wa ɗanki Allah ya isa a kan alheri. Ni abin da aka yi min nake gani a kowace ambulan. Ki yafe min."

"Tashi, Suwaiba. Ni da na haife shi ma sai da na yarda."

Da la'asar aka kunna waya, aka ga Zainu ya kira sau goma sha ɗaya, sai ga kiransa kuma. Malam Bala ne ya fara karɓa.

"Zainulabideen, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Amma ka yi wauta. Ni shekara talatin ina cikin jini da tumbi, da shi na ciyar da matar taka. Wace sana'a ce ta halal za ka ɓoye wa iyalinka? Yau saura ƙiris gidanka ya watse, ba don yarinyar nan ta tsaya a bakin ƙofa ba."

Ya miƙa wa Amatullahi wayar. Ta shige ɗaki.

"Amatu, da gaske kin yarda zan sake ki?"

"Na yarda, na kusan awa biyu," ta ce. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Kai ma kar ka ƙara yi min shiru, ko da labarin ba daɗi."

Ta ji yana jan hanci. "Ba zan ƙara ba."

Bayan mako bakwai biza ta fito, Amatullahi ta bi mijinta.

'Yan'uwana mata, da ku maza masu tafiya nesa, abin da nake so ku riƙe ke nan. Mai ɓoye wa matarsa wahalarsa don kar ta damu, ya sani wani ne zai cike mata shirun da abin da ya ga dama. Wanda kuma aka taɓa cuta, ya yi hattara kar ya auna auren wasu da nasa ciwon. Amatullahi ba ta fi kowa ƙarfin zuciya ba, ta yi zargi, ta yi kuka, har ta yanke ƙauna. Abu ɗaya ta yi, ta ƙi yarda a rushe mata gida kafin a karanta abin da aka rubuta, kuma wannan haƙurin na rabin yini shi ya tsare mata aurenta.