Jar Motar da Za Ta Kai Amarya

"Na ce ba zan fitar da ita ba! Kunnen ƙashi ne da ke, Lidia?"

Lidia ta tsaya a bakin gareji, kofin shayin da ta kawo masa yana hucewa a hannunta. Babanta Renzo ya ba ta baya, yana shafa jikin jar motarsa da tsumma a hankali, kamar mai lallashin jariri.

"Baba, kai fa ka yi wa Mama alkawari kafin ta rasu..."

"Na yi mata alkawarin kai ki coci a motar nan. Ban yi mata alkawarin miƙa ki ga 'yan Ford ba."

"Callum ɗin ne 'yan Ford? Mutum ɗaya?"

"Shi da ubansa da kakansa. Duk mutanen garinsu Geelong ma, inda aka ƙera Ford! Ki tsaga jikinsu ki gani, jininsu shuɗi ne."

Ta ajiye kofin a kan benci, idanunta sun cicciko. A unguwarsu ta Elizabeth, tun a zanin goyo yaro ke sanin ko shi ja ne ko shuɗi, wato mai son motar Holden ko mai son ta Ford. Amma kowa ya san abin tsokana ne. Ana yi, ana dariya, ana aurar da 'ya'ya. Babanta kaɗai ya mayar da shi gaba, kuma tun da aka sa ranar bikinta abin ya tsananta.

Ta dubi motar. Holden ce samfurin Monaro mai ƙofa biyu, tambarin zaki a goshinta, fentinta kamar yau aka zuba. Tun yana saurayi babanta ke aiki a masana'antar da ta ƙera ta, har ranar da aka kashe injinan wurin aka sallami kowa. Bayan 'yan shekaru sunan Holden ɗin ma aka shafe shi daga kasuwa. Aikinsa a can shi ne shafa jikin kowace mota da tafin hannu kafin a yi mata fenti, yana neman lotsawar da ido ba ya gani.

Yanzu ko taron masu Holden na ranar Lahadi ya daina zuwa. Sai dai ya tayar da injin a cikin gareji, ya rufe ido yana saurare, ya kashe. In an tambaya ya ce kayan gyara sun yi wuya, ba zai kai ta titi wani sakarai ya goge ta ba.

Da yamma ta samu Callum a ƙarshen layinsu, inda ya saba ajiye shuɗiyar motarsa don kada tsohon ya hango ta.

"Yaya? Zakin ya sauko?"

Ta girgiza kai.

"To mu ɗauki hayar wata mana, zuciyata. Fara tas, ba ja ba shuɗi."

"Ba motar ba ce, Callum. In bai fitar da ita ba, shi ma ba zai zo ba. Na san shi."

"In bai zo ba fa?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben da ya sa mata.

"Lidi... in bai zo ba fa?"

"Ni kaɗai gare shi. Ba zan iya shiga cocin nan ba tare da shi ba."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Tun da na san ki nake ɓoye mota a lungu kamar na sato ta. Na ci taliyarsa, na sha zaginsa, har jar hula na sa ranar tseren motoci na Bathurst, abokaina suka ɗauke ni hoto. Me kuma ya rage?"

Ya jawo ta jikinsa, ta ji zuciyarsa na bugawa da ƙarfi, sai kukan da take dannewa ya ƙwace mata.

Lahadin da ta biyo baya aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Babanta ya tafi sayo burodi a ƙafa, ruwan ya tsare shi a can. Callum ya zo cin abincin rana, ya ga ba halin takowa daga ƙarshen layi, sai ya tsaya daidai bakin ƙofar gidan.

"Ruwan na tsagaitawa zan matsar da ita, na rantse."

Hira ta ɗauke su. Sai da Lidia ta ɗaga labule ta ga rana ta fito, ga babanta can yana tahowa da burodi a hammata.

"Mun shiga uku! Callum, motarka!"

Suka fito da gudu, suka yi cirko-cirko a baranda. Lokaci ya riga ya ƙure. Shuɗiyar motar na zaune a ƙofar gidan Renzo, ruwa na ɗiga daga jikinta, tana sheƙi a rana.

Tsohon ya matso. Fuskarsa na kallon motar kai tsaye. Lidia ta riƙe numfashi tana jiran tsawa.

"A'a, baƙi muka yi?" ya ce da fara'a. "Motar Bev ce wannan?"

Anti Bev ƙawar mamanta ce, tsohuwar mai ɗinkin kujeru a masana'anta. Motarta Holden ce, kuma ja ce.

Wani sanyi ya ratsa Lidia tun daga tafin ƙafa. Wannan mutumin da ke gane Ford daga ƙarshen titi, ya tofar da yawu...

Ya miƙa hannu ya ɗora a gefen motar kamar yadda ya saba yi wa kowace mota. Tafinsa ya bi lanƙwasar ƙarfen kaɗan, sai ya tsaya cak. Murmushin ya gushe. Burodin ya suɓuce ya faɗa cikin ruwa.

Nan take komai ya dawo mata. Yatsan da yake sawa a bakin kofi in yana zuba ruwan zafi. Jaridar da ke yini a naɗe. Yadda ya juya wa talabijin gefe ranar tsere, ya ce wuyansa ke ciwo.

"Baba..." ta ce. "Tun yaushe?"

Ya wuce su ya shige gareji. Ta bi shi, Callum ya tsaya a bakin ƙofa.

"Tun sanyin bara," ya ce daga ƙarshe, yana jingine da Monaro. "Tsakiyar ganin ce ta tafi. Ina ganin gefe-gefe, kamar mai leƙe ta bayan labule. Likita ya ce ba ya dawowa. Na mayar wa hukuma da lasin tuƙina da hannuna."

"Shi ne ba ka faɗa min ba?"

"In ce miki me? Mamanki ta riƙe hannuna a gadon asibiti, ta ce Renzo, kai za ka tuƙa ta. Abu ɗaya ta roƙe ni! Gara ki ce babanki mugun tsoho ne da ki gan shi ana jan hannunsa ranar bikinki."

Ta faɗa ƙirjinsa tana kuka. "An fasa bikin. Ba inda za ni. Zan zauna da kai..."

"Kin ji abin da nake gudu ke nan!" Ya ɗago ta da ƙarfi. "Yaron nan ba shi da laifi in ban da mugun zaɓin mota. Ba zan cinye miki rayuwa ba, 'yar Baba."

"Baba, ai ni ma na iya tuƙi," Callum ya sa baki a hankali. "Zan iya..."

"Kai! Ko hannun ƙofarta ka taɓa sai na ji a jikina."

Duk da hawayen, sai da dariya ta kama Lidia. Ta juya ta dubi makullin da ke rataye a ƙusa. Ba wanda ya taɓa tuƙa motar nan sai shi, ko mamanta. Ta miƙa hannu ta ciro shi.

"Mama ta ce ka kai ni coci a motar nan. To koya min. Kai ka tuƙa, ni in riƙe maka sitiyari."

Tsohon ya juyo wajen muryarta.

"Ba irin 'yar motarki ba ce mai canja giya da kanta. Wannan tana da zuciya."

"Ni ma 'yarka ce."

A wani fili da ke gefen tsohuwar masana'antar suka fara. Anti Bev ce ke kai musu motar a kan tirela, tana tsokanar Renzo duk hanya. Ranar farko da Lidia ta murza makullin, silinda takwas na injin suka farka gaba ɗaya, kujerar ta girgiza, ƙarar ta shiga ƙirjinta ta zauna. Ta saki makullin ta dafe baki. Duk rayuwarta tana jin wannan kukan daga waje, ba ta taɓa sanin haka yake daga bayan sitiyari ba.

"Kin ji ko?" Babanta ya yi murmushi, idonsa a rufe. "Mutanen unguwar nan suka yi wannan. Mu."

Injin ya mace mata ya fi a ƙirga. Ta saki kuloci da gaggawa, motar ta yi tsalle kamar ɗan akuya.

"Wayyo ƙashin bayana! Ke, ba da ita kike faɗa ba! Daina kallon allurar mitar nan, saurara. In tana son giya za ta gaya miki... Yanzu! Sa ta biyu!"

Callum na zaune a kan shinge yana tafi yana dariya.

"Ɗan shuɗi, in ka sake yin dariya na fasa ba ka 'yata!"

"Ashe ka ba ni, Baba?"

"Ban ce ba!"

A hankali ƙafarta ta koyi abin da kunnensa ya sani. Tsakanin giya da giya yake ba ta labari: yadda suka ɗauka an gama Monaro har abada, sai ga ta ta dawo, manyan maza suna kuka a bakin layin haɗa motoci. Yadda ya ɗauko mamanta a ranar da ya sayi wannan motar, suka tafi bakin teku ba tare da sun gaya wa kowa ba. Yadda a ranar ƙarshe suka raka motar ƙarshe har ƙofa, kowa na son ya taɓa ta.

Ranar biki, Anti Bev ta ɗaura farin ƙyallen amare daga goshin motar zuwa tagogi biyu. Lidia ta tattare farar rigarta, ta tuɓe dogayen takalma ta sa na roba. Babanta ya zauna a gefenta cikin kwat ɗin da ya sa ranar nasa auren.

Tana fitowa da motar daga gida ta taka birki.

Layin nasu ya cika. Tun daga ƙofarsu har inda ido ya tsaya, motocin Holden ne jere, tsofaffi da na baya-bayan nan, ja da ruwan ɗorawa da kore, kowace da farin ƙyalle. Tsofaffin ma'aikata na tsaye a gefensu da jikoki a kafaɗa.

"Me ya faru? Me ya sa kika tsaya?"

Kafin ta buɗe baki Anti Bev ta ɗaga hannu sama, ta sauke.

Suka tayar da injinan a tare.

Ƙasa ta girgiza. Tsuntsaye suka watse daga kan wayoyin lantarki, gilasan gidaje suka ɗauki rawa. Tsigar jikin Lidia ta tashi. Ta juya ta ga bakin babanta a buɗe, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

"Waccan ta Spiro ce..." ya ce da raɗa. "Har yanzu bai gyara salansar ba, ɗan banza. Ga ta Bev... ga tsohuwar Holden Torana ta su Kowalski... Lidia, duk sun zo?"

"Duk sun zo, Baba."

Ya share fuska da bayan hannu, ya gyara zama. "To me kike jira? Giya ta ɗaya. A hankali da kulocin."

Suka hau babban titi, ita a gaba, rugugin na biye da ita. Mutane suka firfito daga shaguna, wani direban bas ya yi ta danna hon. Da suka zo daidai tsohuwar masana'antar, babanta ya ɗora tafinsa a jikin gilashi har suka wuce.

"Ta uku... Yauwa. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

A ƙofar coci wani jerin ne kuma, shuɗi zalla. Dangin ango ne daga Geelong. Lidia ta ji gabanta ya faɗi. Amma da jar Monaro ta shigo, sai ta ga mazan suna cire huluna ɗaya bayan ɗaya. Baban Callum, wani dogon tsoho, ya tako ya buɗe ƙofar gefen Renzo da kansa.

"Ta yi kyau, abokin gaba," ya ce. "Mu ma an rufe tamu masana'antar, ka sani. Na san abin da ke cikin ƙarar nan."

Renzo ya laluba ya kama hannunsa, ya daɗe bai saki ba.

Callum ya kasa jira a ciki kamar yadda aka ce masa. Ya fito har bakin matakala, yana kallon amaryarsa ta fito daga bayan sitiyari da takalman roba, idanunsa jajur.

"Farin cikina..." iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Lidia ta saƙala hannunta a na babanta. Duk mai kallo zai ce shi ke jan ta. Da suka iso gaban Callum, tsohon ya miƙa tafinsa ya shafa fuskar saurayin a hankali, goshi, kunci, haɓa, irin shafar da ya yi wa dubban motoci kafin ya bar su su fita.

"Ba lotsawa," ya ce, muryarsa ta dushe. Ya ɗauki hannun Lidia ya sa a nasa. "Ɗan shuɗi."

"Na'am, Baba."

"Daga gobe ka daina ajiye akwalar nan taka a ƙarshen layi. Ka shigo da ita gida."

Callum ya buɗe baki zai yi godiya, kuka ya hana shi.

"Ta ƙofar baya dai," Renzo ya ƙara, yana matse hannayensu biyu cikin nasa. "Inda maƙwabta ba za su gani ba."