Zanin Ranar Laraba

Wai a can baya, an yi wata makaranta mai aji ɗaya tak, tagarta ko marfi babu. Kowace Laraba malami kan ce, "A sauya kaya, a fito motsa jiki!" Maza su ruga bayan aji, mata kuwa su yi cirko-cirko, kunya ta hana su cire riga.

A cikinsu akwai wata doguwar yarinya da ta saba ganin yadda iyaye mata ke yi a rafi. Sai ta zo da tsohon zanin kakarta, ta ware shi a lungun aji da hannu biyu.

"Shiga, na tare miki," in ji ta. Wannan ta shiga ta fito. "Shiga, na tare miki." Haka har mutum goma sha ɗaya. Hannuwanta suka yi tsami, ga shi tun da sassafe take jidon ruwa.

Ta ƙarshe wata 'yar gajeriya ce da kullum ke tsokanarta da "Raƙuma". Doguwar ta ji kamar ta saki zanin kowa ma ya huta. Amma ta cije, ta kau da kai. "Shiga, na tare miki."

Malami ya busa usur, kowa ya watse, ita ko ɗankwali ba ta cire ba. Ta zube a ƙasa don gajiya.

Sai ta ji ana jan benci. Gajeriyar ce ta hau kai, ta yi ɗage, ta ware zanin.

"Yaya," ta ce, "shiga, na tare miki."