Shirun Da Halliru Ya Koyo

A zauren bita a Sakkwato Halliru ya fara ganin Fadima, kuma a ranar ta kunyata shi gaban mutum arba'in ba tare da ta ɗaga murya ba.

Bitar ta mako guda ce, an shirya ta don malaman manyan makarantu masu ba ɗalibai shawara: wane kwas za su ɗauka, me za su yi in sun faɗi jarrabawa, wa za su gani in karatu ya cije. Halliru Bagobiri ne ɗan Sabon Birni, shekararsa uku a wannan aiki, kuma in dai baki ne, Allah ya ba shi. Da Dakta Maimunat mai koyar da su ta nemi wanda zai fito a gwada zama da ɗalibi, hannunsa ya riga na kowa tashi.

Aka ce wata malama 'yar garin Isa, Fadima, ta zama ɗalibar. Ta zauna ta sunkuyar da kai. Halliru ya gyara hula ya kama bayani. Minti goma cur yana zuba, ita kuwa ba abin da take cewa sai, "To, Malam."

"Madalla," in ji Dakta. "To Malam Halliru, mi ad damuwar ɗalibar taka?"

Ya juya ya dubi Fadima, ko za ta taimake shi. Zauren ya ɗauki dariya.

"Bai tambaye ni ba," Fadima ta ce a hankali. "Ɗiyan makiyaya da ka zowa ofishina, ko ka tambaye su, ba komai za su ce. Sai ka zauna, ka tambayi shanu, ka tambayi ruwan bana, ka yi shiru. Can magana za ta fito da kanta."

Kunya ta rufe shi, amma abin da ya fi kunyar ƙarfi shi ne yadda ya kasa daina kallonta.

Ranar komawa gida mota ɗaya suka shiga. Kafin su kai Isa ya karɓi lambarta, wai don tambayar aiki. Washegari da hantsi ya tura mata saƙo:

"Ɗalibata, yau na yi shiru na minti biyar gaban wani yaro. Kamar in mutu. Amma ya faɗa mini abin da ya hana shi shiga aji."

Ta mayar masa: "Sannu da ƙoƙari, Malam Minti Goma. Saura biyar."

Haka suka yi wata huɗu. Tambayar aiki ta koma tambayar lafiya, tambayar lafiya ta koma, "Kin ci abinci, hasken idona?" Wata rana ya rubuta mata ƙarara cewa aurenta yake so. Sai bayan la'asar amsa ta zo:

"Na yarda da kai, Halliru. Amma Badaru ɗan goggona, mai fatauci zuwa Nijar, shi ma ya yi magana. Baffa ya ce bayan an yanke gero zai faɗi nasa."

Halliru bai ga abin tsoro ba. Ya sa babbar riga, ya hau babur zuwa rugarsu a bayan Isa don ya gaida mahaifinta, Malam Yero. Ya tarar da shi a gindin tsamiya da dattawa uku. Bayan gaisuwa, tsohon hali ya motsa.

"Baffa, ai Fadima taku abin alfahari ta! Fadima ta fi mu duka sanin aiki. Fadima..."

Bai kai ƙarshe ba. Malam Yero ya ɗauki sandarsa, ya miƙe, ya bi hanyar garke. Dattawan suka kau da kai. Ko ruwa ba a kawo masa ba.

Kwana biyu bayan haka saƙonta ya shigo, babu sunan wasa a ciki:

"Ni ce ɗiyarsa ta fari. Tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, ba a kuma ambatona a gabansa. Kai kuwa sau uku ka kira, gaban sa'o'insa. Wata huɗu muna magana, ba ka taɓa tambayata ko ni ce ta nawa a gidanmu ba. Baffa ya ce ba zai ba mutum marar kunya ɗiyarsa ba."

Halliru ya karanta, ya sake karantawa. Ba maganar Baffa ce ta fi yi masa ciwo ba, maganar tambayar ce. Gero kuwa ya fara nuna a gonaki, kuma an ce Badaru ya dawo daga Nijar da atamfofi.

Ya ɗauko littafin bitarsa. A shafin farko, da rubutun hannunsa, ga abin da Dakta ta sa su kwafa: kafin ka ba da shawara, ka san abin da mutum yake tsoro.

Ranar kasuwar Isa ya je kara, inda ake cinikin dabbobi, ya sami Malam Yero, ya durƙusa ya gaishe shi, ya koma gefe ya zauna. Bai ce uffan ba har aka watse. Mako na biyu ya tambayi lafiyar shanu kawai. Abokansa na Sabon Birni suka ce lallai an yi wa Halliru asiri, mutumin da ko limami sai ya tare da surutu.

Mako na uku, da rana ta yi sanyi, tsohon ya yi magana, idonsa a kan wata saniya.

"Malam, ku can makarantun naku, in mace ta yi aure, aiki ƙarewa shikai?"

Amsoshi goma suka taso wa Halliru a baki. Ya haɗiye su duka.

"Mi kag gani, Baffa?"

Malam Yero ya gyara zama, ya ce: "Yara bakwai na rugagen nan sunka gama karatu. Da can, shekara guda sukai su gudo, don ba mai jin su. Akwai wata malama da ka zama da su. In an ɗauke ta an kai Nijar, ko an kai gidan da miji shi kaɗai ka magana, wa za shi zama da na baya?"

Nan Halliru ya gane. Duk zatonsa tsohon so yake a kulle 'yarsa a gida, ashe tsoronsa kada a kashe mata aiki. Mutumin da bai iya kiran sunanta ba ya ƙirga kowane ɗalibi da ta tsamo.

"Baffa," ya ce, "malamar nan ita tak koya mini aikina. Ni za ni nemi canji in dawo Isa. Ofishinta ba mai taɓa shi."

Tsohon ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Ka turo manyanka wurin ƙanena Lawwali. Shi ka magana kan wannan."

Da yamma wayarsa ta yi ƙara.

"Me ka ce wa Baffa, Malam Minti Gomana? Ya shigo yana waƙar shanu."

"Kusan ban ce komai ba, Ɗalibata."

"To ka ci jarrabawa."

An ɗaura aure bayan kaka, lokacin Halliru ya riga ya samu canji zuwa Isa, Lawwali ne waliyyi. Gobirawa suka cika rugar da kiɗa da barkwanci, Badaru ma ya zo ya yi musu fatan alheri. Malam Yero bai zauna wurin ba, yadda al'ada take; ya kora shanu tun da safe.

Sai da motar amarya ta kama hanya suka hango shi tsaye a bakin burtali. Halliru ya sauka ya durƙusa. Tsohon ya zaro wani ƙunshin leda daga aljihun ƙirjinsa ya miƙa masa. A ciki akwai hoton Fadima ranar da ta karɓi satifiket ɗin bita, gefensa duk ya cinye saboda yawan dubawa.

"Ka riƙe mini malamar nan da kyau," ya ce. "Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a mai jin magana."

Halliru ya koma mota ya sa hoton a tafin matarsa. Ta duba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Yana da abin faɗa da yawa, amma sai ya riƙe hannunta ya yi shiru har suka shiga Isa.